Mashayi da Maganin Ƙwannafi

Akwai wata mas'ala wadda ba a kawo ta gaban malamai a zaure, ba a kuma aika ta gidan rediyo don a amsa, amma ana yin ta da murya ƙasa-ƙasa a shagunan sayar da magani tun daga Funtua har Malumfashi, musamman da kaka, sa'ad da auduga ta hau ma'auni, masara da dawa suka cika kasuwar Dandume, kuɗi kuma suka sami wurin zama a aljihun samari. Mas'alar ita ce: mutumin da ya sha giya ƙwannafi ya taso masa, in ya bi ta da farin maganin nan na kwalba ko ƙwayar nan da ake taunawa, shin akwai cutar da za ta same shi? Galibi mai tambayar yakan ce wani abokinsa ne ya aiko shi, mai kemis kuwa yakan yi kamar ya yarda.

Jawabin likitoci a nan gajere ne. A ƙofar tumbi akwai wani zoben tsoka wanda aikinsa ya buɗe abinci ya wuce, sa'an nan ya tsuke domin kada ruwan tsamin da ke narkar da abinci ya komo sama. Giya tana sassauta wannan zobe, tana kuma ƙona fatar cikin tumbi, har wadda aka yi da hatsi tana sa tumbi ya ƙara zubo da tsami, shi ya sa mashayi yake jin wuta tana hawa daga ciki zuwa maƙogwaro. Magunguna irin su Mist Mag da Gestid iyakar aikinsu su kashe kaifin tsamin da suka tarar, na sa'a ɗaya ko biyu, ba sa tsuke zoben, ba sa kuma warkar da gyambo in ya riga ya kama. Haɗuwarsu da giya a ciki ba ta zama guba, wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye ta don tsoratarwa ba. Sai dai akwai mai tafasa a ruwa wanda aka haɗa da asfirin, kamar Alka-Seltzer, shi kam in ya gamu da giya yana iya sa tumbi ya zubar da jini.

Kakanninmu ba su jira kwalba ba, kanwa suke jiƙawa su sha, kuma lalle tana kwantar da ƙwannafi, domin aikinta da na waɗannan magunguna ɗaya ne. Amma kanwa gishiri ce mai nauyi a jiki, har likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a shekarun 1970, suka danganta yawan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego a wannan yanki namu. Mai hawan jini da mai ciwon ƙoda sai su kiyayi yawan jiƙa ta.

To, wannan na tibbu ke nan. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɓangaren shari'a, domin na sha jin masu zafin kishin addini suna cewa mashayi bai cancanci magani ba, a bar shi ya ɗanɗana kuɗarsa. Wannan magana tana da kamar taƙawa, amma ba ta da asali a fiƙihu. Haramcin giya tabbatacce ne, ya sauka daki-daki a Baƙara da Nisa'i har ya cika a Ma'ida, kuma mazhabar Imamu Malik, wadda aka yi mana tarbiyya a kanta ta hanyar Risala da Muhtasar, ta tsananta har ta hana a yi magani da giya, ba ta yi rangwame ba sai ga wanda aka tilasta, ko wanda loma ta shaƙe shi bai sami wani abin da zai wuce da ita ba. Amma hana yin magani da giya daban, hana mai shan giya magani daban. Malaman usulu, irin su Imamu Gazali da Shaɗibi, da suka lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare, watau addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, ba su ce wanda ya tozarta hankalinsa an sarayar da ransa ba. Haddi yana hannun alƙali, da shaidu da sharuɗɗa, ba a hannun mai shago ba. Ya kuma tabbata a Buhari cewa an yi wani sahabi da aka sha kawowa a kan shaye-shaye, da wani ya tsine masa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma yi masa shaidar son Allah da Manzonsa. Wanda aka hana a tsine masa, ta ina za a halatta a bar cikinsa ya huje?

Wani mai zurfin karatu zai ce, ai Malikawa su ne ma'abota toshe kafar ɓarna, su ne suka hana a sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa da shi. A ƙasarmu inabin shi ne dawa, domin da ita ake dafa burkutu, sana'ar da aka daɗe da sanin matan Maguzawa na ƙasar Malumfashi da Kafur da ita. Kuma manomi mai tsantseni, in ya tabbata buhunsa tukunyar burkutu zai faɗa, yakan nemi wani mai saye. Ashe mai kemis ba haka yake ba? A ganina ƙiyasin bai yi daidai ba, saboda dawa ita ce jikin abin da aka haramta, ba ta ba burkutu, alhali kuwa magani ba ya shiga tukunya, ba ya bugarwa, ba ya kuma ƙara wa giya kome, abin da yake yi shi ne sauƙaƙa wa ɗan Adam raɗaɗi, wanda aikin lada ne ko mai raɗaɗin Musulmi ne ko Bamaguje ko Kirista.

Inda hukunci yake juyawa shi ne wajen niyyar mai sha. Mutum biyu za su sayi kwalba iri ɗaya a shago ɗaya. Na farko ya kwana yana juyi, da asuba ya kurɓa don ya sami sauƙi, wataƙila ma da nadama a zuciyarsa. Wannan ba shi da laifi a kan maganin. Na biyu kuwa ya saya tun da la'asar, ya girgiza ta har farin da ya kwanta a gindi ya haɗe, ya kurɓi murfi biyu, ya goge farin da ya maƙale masa a leɓe da bakin hannun riga, ya soka ta a aljihu ya hau babur, domin ya san daren jiya ƙwannafi ne ya tashe shi daga wurin zama tun bai ƙoshi ba, yau kuwa ba ya so a katse shi. Wannan ya mai da halal bawan haram. Zafin da yake gudu rahama ce da aka ajiye masa a cikin jikinsa, domin Mahalicci, da hikimarsa, bai bar gaɓoɓi bebaye ba, ya sa musu harshen da za su kai ƙara da shi tun ɓarna tana ƙarama, harshen nan kuwa shi ne ciwo. Mai kashe ƙwannafi don ya ƙara sha daidai yake da manomin da ya ji karensa yana haushi da tsakar dare, ya fito ya ɗaure masa baki ya koma shimfiɗa, alhali ɓarawo yana cikin rumbu. Gyambon yana ci, hanta tana ƙonewa, ita kuwa hanta farin magani bai san hanyarta ba.

Kada wanda bai taɓa kusantar giya ba ya karanta wannan ya yi murmushi. Ɗan ƙwadagon da ke haɗiyar ƙwayoyin ciwon jiki da safe ba kome a cikinsa don ya ƙarasa kunya ɗari kafin azahar, da mai goro da taba, da wanda ke cika tumbi da ƙosai da yaji a buɗa-baki ya kwanta nan take, dukansu ƙwannafi yana yi musu magana, dukansu kuma wannan kwalbar suke toshe masa baki da ita. Ba su yi tarayya da mashayi a zunubin giya ba, amma sun yi tarayya da shi a cin amanar jiki.

Tun da jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, giya ta ragu a sarari, abin da ya saura kuwa ya shige ɗaki, kunya ta ƙaru a kansa. Sutura abu ne mai kyau, shari'a ma tana son mai saɓo ya rufa wa kansa asiri; amma likita ba ya cikin waɗanda ake yi wa sutura, domin ba ya iya maganin abin da aka ɓoye masa, kuma aikinsa ya ɗora masa riƙon sirri. Saboda haka ina kira ga masu shagunan magani, ku sayar, kada ku tozarta kowa, amma ku faɗa wa mai saye cewa kwalbar ba garkuwa ba ce. Kai kuma mai aiken aboki, in ƙwannafin ya wuce mako biyu yana dawowa, ko ka ga amai da jini, ko bayan gida baƙi ƙirin, ko haɗiya ta yi maka wuya, ko zafin ƙirjin ya zo da gumi ya sauka hannun hagu, wanda wannan yana iya zama ciwon zuciya ne, to ka bar kemis ka nufi babban asibitin Funtua ko na Malumfashi a ranar, ka gaya wa likita abin da kake sha da yawansa.