Gashin Bakin Mario da Amanar Magaji

Marubucin Girka Plutarque ya ba da labarin wani jirgin ruwa da mutanen birnin Atina suka adana domin tunawa da sarkinsu Thésée. Duk lokacin da wani katako ya ruɓe, sai su cire shi su sa sabo. A kwana a tashi, jirgin ya zama abin jayayya tsakanin masu falsafa: wasu suka ce shi ne dai na asali, wasu suka ce wani ne daban ya ari sunansa. Wannan tambaya tana tasowa duk inda aka gaji wani abu daga magabata, sannan zamani ya ba magada ikon sake masa kama. Ɗaya daga cikin wuraren da ta fito fili a ƙarshen ƙarni na 20, wurin da manya ba su cika leƙawa ba, shi ne wasannin bidiyo na yara.

Wasannin da ake nufi su ne na gudu da tsalle, inda mai wasa yake tafiyar da wani ɗan tauraro a kan allon talabijin, yana tsallake ramuka, yana hawa daga wannan tudu zuwa wancan. Kamfanonin Japan ne suka fi shahara da su, musamman Nintendo da Sega da Capcom. Taurarinsu sun haura shekara 30, wasu 40, kuma an sha sake zana su. Saboda haka tarihinsu ya dace da binciken tambaya guda: mene ne magaji yake da ikon sauyawa cikin abin da ya gada, mene ne kuma ya wajaba ya bari?

Mario ya fara bayyana a 1981, cikin wasan Donkey Kong na Shigeru Miyamoto. Na'urar wancan lokaci ba ta ba mai zane komai ba sai ɗan fili mai ɗigo 16 a tsaye, 16 a kwance, da launuka ƙalilan. A cikin wannan ƙunci aka nemi a fitar da mutum wanda ido zai gane nan take. Baki ba ya zanuwa da kyau a ɗigo biyu ko uku, sai aka rufe wurin da gashin baki, wanda kuma ya taimaka hanci ya fito. Motsa gashin kai yayin tsalle aiki ne mai wuya, sai aka ɗora masa hula. Domin a ga hannuwansa suna kaɗawa idan yana gudu, sai aka sa masa wandon ma'aikata mai igiya a kafaɗa, launinsa daban da na riga. Kusan duk abin da duniya ta san Mario da shi, dabara ce ta rufe rashi. Ko a Super Mario Bros. na 1985, wanda gaba ɗayansa bai wuce kilobayit 40 ba, zanen gajimare da na ƴan itatuwan ƙasa iri ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Rayman, tauraron da Bafaranshe Michel Ancel ya fito da shi a 1995, tafin hannuwansa da ƙafafunsa suna shawagi kusa da jiki ba tare da damtse ko cinya ba, abin da ya rage wahalar motsa gaɓoɓi, kuma ya zama alamarsa har abada.

Mai gaggawar hukunci zai ce: tun da rashi ne ya haifi gashin bakin, ranar da wadata ta zo sai a aske shi. Wannan hukunci ya ɗauka cewa darajar abu tana rataye da dalilin da ya kawo shi, alhali ba haka rayuwar fasaha take tafiya ba. Malamin adabi ya san cewa gaɓa 12 na baitin Faransanci na gargajiya, ko amsa-amon da mawaƙin Hausa yake riƙewa daga farkon waƙa har ƙarshenta, takunkumi ne, amma daga cikinsa zaƙin yake fitowa. Abin da tilas ta kawo, idan mutane suka zauna da shi shekara da shekaru, suka saba, suka so shi, ya sami wani haƙƙi da ba shi da shi ranar haihuwarsa. Ƙasƙancin asali ba ya rage masa komai.

Akwai kuma wani abu da ƙuncin wancan zamani ya bayar ba da niyya ba. Da yake zanen bai cika ba, mai wasa ne yake ƙarasa shi cikin zuciyarsa. Mega Man na kamfanin Capcom ya fito a 1987. A Japan an zana shi a kwalin kaset yaro mai manyan idanu, a Amurka kuwa aka zana wani babban mutum mai murtuke fuska riƙe da bindiga, alhali ɗigon da ke kan allo iri ɗaya ne a ƙasashen biyu. Tauraron ba shi da fuska guda tabbatacciya, kamar dai yadda Gizo na tatsuniya ba shi da ita. Kowane yaro da Gizon da yake gani idan an kashe fitila, amma babu wanda zai kasa gane shi da zarar ya buɗe baki da tsamin bakinsa, ko ya fara shirya wa Kura gadar zare. Mai sauraro abokin aikin mai ba da labari ne, kuma wanda ya sa hannu a gini yakan ji yana da rabo a gidan.

A shekarun 1990 takunkumin ya fara kwancewa, sai tambaya ta koma daga abin da za a iya zuwa abin da ya kamata. Wasanni biyu da suka fito a kan na'ura ɗaya, Super Nintendo, sun ba da amsa biyu. A 1994 kamfanin Rare na Ingila ya fito da Donkey Kong Country, inda aka ƙera goggon birin a manyan kwamfutocin Silicon Graphics, ya fito da sheƙi da kauri kamar a taɓa shi. A 1995 Nintendo ya fito da Yoshi's Island, wanda aka yi wa kamannin zanen yaro da fensirin launi, layukansa a karkace da gangan. Na farko ya nuna ƙarfin na'ura, ya kuma burge duniya a lokacinsa. Na biyu ya nuna hannun mai zane. Duka biyu ayyuka ne na ƙwarai, sai dai wanda ya dogara da sabuntar na'ura ya fi saurin nuna shekarunsa, domin na'ura kullum ana samun wadda ta fi ta. Daga wannan lokaci mai zane ba shi da sauran uzurin cewa tilas ce ta sa shi. Kowane layi zaɓinsa ne, kuma wanda ya zaɓa shi ake tambaya.

A 1996, da Super Mario 64, Mario ya bar shimfiɗaɗɗen allo ya shiga duniya mai zurfi, inda ake iya kewaya shi a ga ƙeyarsa. Idan aka ƙidaya katakon jirginsa, kaɗan ne suka rage. Kafinta ne a 1981, ya koma mai gyaran famfo a 1983. Jan wandonsa ya koma shuɗi, shuɗiyar rigarsa ta koma ja. Ya sami murya, wadda Charles Martinet ya riƙe har 2023, sannan wani ya gaje shi. Duk da haka ba a ji jama'a sun ce an musanya musu Mario ba. Dalili kuwa, masu aikin sun fara da daidaita gudunsa da tsallensa tun kafin su gina filayen wasan. Tun 1985, wanda ya daɗe yana danna maɓalli tsallensa ya fi nisa, wanda ya saki gudu kuma Mario yakan ɗan zame kafin ya tsaya. Wannan nauyi da wannan sauƙi a hannun mai wasa su ne halinsa. Hausawa sun ce hali zanen dutse. An sake fenti sau da yawa, zanen dutsen yana nan.

Labarin Sonic, shuɗiyar bushiyar kamfanin Sega, ya nuna abin da yake faruwa idan aka kuskure wannan bambanci. Naoto Ohshima ya zana shi a 1991, gajere, mai zagayen jiki, idanunsa biyu haɗe kamar tabarau guda. A 1998 Yuji Uekawa ya sake shi domin Sonic Adventure, ya ƙara masa tsawon ƙafa da na ƙaya, ya ba shi korayen idanu. Wasu sun yi gunaguni, amma siffar ta zauna, domin ta ƙara fito da abin da aka san shi da shi, wato sauri da rawar kai. A watan Afrilu na 2019 kamfanin Paramount ya nuna tallar fim ɗin Sonic. A ciki an ba shi ƙananan idanu rababbu, da haƙora irin na mutum, da cinyoyi masu tsoka. An so a kusantar da shi ga halittar gaske, sai ya fito abin ƙyama. Ƙorafin jama'a ya kai inda aka ɗage fim ɗin daga Nuwamba 2019 zuwa Fabrairu 2020, aka sake zana tauraron. A doka, masu fim suna da izinin yin yadda suka so. Abin da suka manta shi ne cewa miliyoyin mutane sun riga sun zuba ƙuruciyarsu cikin wannan siffa, kuma takardar mallaka ba ta shafe wannan rabo.

Amma fa kada a ɗauka cewa jama'a kullum su ke da gaskiya. Kewar jiya tana da nata ruɗi. A 2008 Capcom ya fito da Mega Man 9 da zanen ɗigo irin na 1987, da gangan, kuma tun daga nan wasanni masu yawa, irin su Shovel Knight na 2014, suka bi wannan hanya. Sai dai ɗigon nan masu kaifin kusurwa da ake gani a allon zamani, yaran shekarun 1980 ba haka suka gan su ba. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana narkar da gefen ɗigo, tana gauraya launi da launi, kuma masu zanen lokacin da wannan suka yi lissafi. Ke nan wanda yake rantsuwa da “ainihin siffar asali” sau da yawa yana kare abin da bai taɓa wanzuwa haka ba. Bugu da ƙari, yaron da ya buɗe ido da Sonic mai korayen idanu, wannan shi ne na asali a wurinsa, kuma ƙuruciyarsa ba ta fi ta yayansa arha ba. Sega ya gane haka a 2011, sa'ad da ya haɗa Sonic ɗin biyu, gajere da dogo, cikin wasa guda mai suna Sonic Generations. Da a ce an bi ra'ayin masu ƙin kowane sauyi, da Mario yana nan cikin ɗigo 256, sai dai a je kallonsa a gidan adana kayan tarihi.

Abin da wannan tarihi yake nunawa shi ne matsayin magaji ya fi kama da na mai riƙon amana. Mai amana yana iya gyara rufi, ya ƙara ɗaki, ya sake fenti, har ma wajibi ne ya yi, in ba haka ba gidan ya rushe a hannunsa. Sharaɗin kawai shi ne, kafin ya taɓa wani abu ya tambayi aikin da abin yake yi. Akwai abin da ado ne, ana iya sauya shi kamar launin wando. Akwai kuma abin da shi yake ɗauke da hali, wanda idan aka cire shi sai suna ya rage. Wahalar ita ce ba a rubuta wannan bambanci a jikin abin ba. Gashin baki yana kama da ado, ashe ginshiƙi ne. Sana'ar kafinta tana kama da ginshiƙi, ashe an iya ajiye ta ba wanda ya yi kuka. Sai wanda ya zauna da abu, ya san shi ciki da bai, yake iya rarrabewa.

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce ga malamin da yake mayar da tatsuniya littafin karatu mai hotuna, ko ƙungiyar da take ɗora tsohuwar waƙa a kan kayan kiɗan zamani, ko maginin da yake fitar da zanen bangon Damagaram da siminti maimakon laka. Ranar da aka zana wa Gizo fuska a littafi, an ba yara wani abu, an kuma karɓe musu wani. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, wannan gaskiya ne. Abin da ya rage ga magaji shi ne ya tabbata cewa wanda ya san mai rawar tun jiya, idan ya hango shi daga nesa yau, zai gane shi da takunsa.