Rijiya Ta Ba Da Ruwa, Guga Ya Hana

Ana faɗin wannan magana idan mai abu ya yi kyauta da zuciya ɗaya, ɗan aike kuma ya tsaya a tsakani ya hana ta isa.

Kirista ya gaskata cewa Allah ne ya yi sama da ƙasa, ya kuma ba ɗan Adam hankali. In haka ne, duwatsun Rano, da ruwan madatsar Tiga, da wuta-wutar da ke kashe dawa a gonakin Saji, duk aikin hannunsa ne, kuma bai hana kowa bincikensu ba. Rijiyar a buɗe take. Gugan da ke hanawa mu ne.

Akwai mai wa'azin da ke tsorata matasa cewa ilimin halittu zai raba su da bangaskiya. Na fi jin tsoron uban da ke cewa, "Ɗana, in ba likita ko injiniya ba, me za ka ci da karatun tarihi da Hausa?" Shi ba ya ɗaga murya, shi ya sa ba a ganin ɓarnarsa.

Ai Dokta Miller na Zariya likita ne, amma shekarunsa da yawa a nahawun Hausa da fassara suka tafi. Ba don irin wannan aiki ba, da cikakken Littafi Mai Tsarki bai fito da Hausa a 1932 ba, da masu sujada a ƙauyukan Kibiya ba su ji Bishara da harshen uwa ba. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama fasto, ɗaya bai kori ɗaya ba. ECWA ta kafa Jami'ar Bingham da ke Karu a 2005, sai dai kuɗin makaranta shi ma guga ne ga ɗan manomi.

Kiristoci da dama a yankin Rano da Kibiya jikokin Maguzawa ne. Fitaccen littafi kan al'adun kakanninsu Ba'amurke ne, Joseph Greenberg, ya wallafa shi a 1946, da Turanci. Tsofaffin da suka san waƙoƙin gayya da asalin gidaje suna ta ƙarewa, jikokinsu kuwa an ce musu tarihi karatun wanda ya kasa lissafi ne.