Zanen Da Ba Shi Da Fuska

A garin Bilbis, cikin ƙaramar hukumar Tsafe ta jihar Zamfara, an yi wani saurayi mai zane wanda hannunsa ya faɗa tun yana yaro. Shi ke rubuta allunan shaguna, shi ke yi wa manyan motocin da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau adon zaki da mikiya. Amma inda ya fi gwaninta shi ne zanen fuska. In ka zauna gabansa ɗan lokaci, zai miƙo maka takarda ka ga kanka har da tabon goshinka. Yayansa manomi ne. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, kuma da kuɗin gyaɗarsa ya saya masa fenti na farko.

Wata damina, ana tsakiyar maimai, 'yan bindiga suka fito daga daji a kan babura, suka riske su biyun a gona. Ƙanen ya kwanta cikin kunyar gero ya tsira, yayan kuwa kwana ya ƙare. Aka yi masa sutura, jama'a suka yi ta zuwa gaisuwa suna ba da haƙuri. Saurayin ya amsa kamar kowa, amma tun daga ranar bakinsa ya mutu. Ba ya hira, ba ya cin abin kirki, ba ya barci. Ko babur ɗin maƙwabci aka tayar, sai gabansa ya faɗi, jikinsa ya ɗauki rawa.

Da zama ya gagara, iyalin suka koma gidan kawunsa a Tudun Wadan Gusau, shi da kakarsa da matar marigayin da 'ya'yanta. Ya so ya koma sana'a, sai ya tarar da wata jarrabawar: duk fuskar da ya fara zanawa, kafin ya kai ga idanu ta koma ta yayansa. Sai hannunsa ya sake, ya yayyage takardar. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako. Aiki ya tsaya cak. Babu kuɗin fenti, babu kuma wayar da zai duƙufa a kai ya kashe dare. Sai ya zama daga ɗaki sai bakin zaure.

Kakarsa, wadda ta yi zanen ƙwarya a ƙuruciyarta, ta daɗe tana lura da shi. Wata rana da yamma ta jiƙa farar ƙasa a tsohuwar roba, ta tura masa da ƙafa.

"Tashi, mai gidana, ka shafe mini bangon ɗakin nan. Zaman ya isa haka."

Ya tashi don kunyarta. Da ya gama shafen, ya tsaya yana kallon farin bangon. Can idonsa ya kai kan gawayin murhu. Ya ɗauki guda, ya ja layi daga sama har ƙasa da ƙarfin da ya sa gawayin ya karye. Ya ɗauki wani ya sake ja, ya gitta, ya murza da tafin hannu, har gumi ya jiƙa masa riga. Tsohuwar ba ta ce uffan ba. A daren nan ya yi barci har sai da aka tashe shi sallar asuba.

Daga nan ya kama hanya. Ya riƙa tsintar takardun buhun siminti a wuraren gini yana warewa. Ya daka jar ƙasa ya tankaɗe, ya niƙa gawayi, ya samo bular wanki, ya jiƙa ƙaro ya kwaɓa kowane launi da shi, yadda almajirai ke haɗa tawada, don ya kama takarda. Burushi ma ya ajiye shi. Da yatsu yake aiki, da tsumma, da tsinken tsintsiya. Ranar da ƙirjinsa ya yi nauyi, baƙi ke cinye takardar. Ranar da fushi ya taso, ja yake watsawa har ya ɗiga ƙasa. A hankali shuɗi ya fara samun wuri a gefe.

Maƙwabta suka fara raɗe-raɗin ko yaron ya gamu ne. Kawunsa ya samu tsohuwar a ɗaki.

"Inna, yaron nan fa sai an nema masa taimako. Da can yana zana abin da ake ganewa. Yanzu ba mutum, ba dabba, ba gida, sai jagwalgwalo."

Ta ce, "Allon saukarka da Malam ya yi wa zayyana, mutum ne a jiki ko dabba? Aska takwas ɗin da ke ƙirjin rigarka fa, da dagin da ke ƙofar fada, hoton wa ne? Duk zanen ƙwaryar da na yi na ciyar da ku, babu fuskar kowa a ciki. Ku ƙyale shi. Maruru in bai fashe ba, mai shi ba ya barci."

A unguwar akwai wani malamin zane da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Labari ya kai gare shi, ya zo ya duƙa gaban takardun ya daɗe yana dubawa.

"Ƙanena, ka san abin da kake yi kuwa? Mutane na shekara huɗu a jami'a suna neman wannan."

Ya ba shi labarin Kandinsky, ɗan Rasha wanda wajen 1910 ya fara barin siffar abubuwa ya koma magana da launi da layi kawai. Ya gaya masa yadda a 1958 wasu ɗalibai a Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya don dawo da zanen gargajiyar ƙasar nan cikin aikin zamani, da yadda marigayi Gani Odutokun, wanda ya koyar a can har rasuwarsa a 1995, yake tsinka fenti ya kwarara shi a kan yadi ya bar shi ya bi hanyarsa. Ya kuma ambaci Adrian Hill na Ingila, wanda ya ga amfanin zane a kansa lokacin da yake jinyar tarin fuka, daga baya ya shiga koya wa sauran majinyata. Sannan ya ce, "Ka ci gaba, amma kada ka tsaya nan. Ka riƙe addu'a, kuma gobe zan raka ka ka ga likita kan rashin barcin nan da firgita." Haka kuwa aka yi.

Wata rana ya shanya wani babban zane a zaure. Baƙi ne kusan duka, da jajayen layuka da suka keto daga gefe ɗaya, sai wani siririn fari a ƙasa. Wata mata 'yar gudun hijira, cikin masu zama a gidajen da ba a gama ginawa ba, ta shigo neman aikin wanki. Ta tsaya cak gabansa, hawaye suka zubo mata.

"Ɗana, wa ya gaya maka? Wannan ai daren da aka shigo garinmu ne. Ga wutar rumbuna. Wannan farin kuma hanyar rafin da muka bi da yara."

Saurayin ya ce, "Baba, ni kunyar geron da na kwanta a ciki ce."

Nan ya zauna ya ba ta labarin ranar daga farko har ƙarshe, abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ita ma ta ba shi nata. Kawun yana bakin ƙofa yana ji. Washegari shi da kansa ya sayo masa fenti da kwali.

Matar ta riƙa turo 'ya'yanta, su ma suka jawo wasu. Kowace yamma zauren ya cika da yaran da suka baro ƙauyukan Tsafe da Bungudu, kowa da takardarsa. Doka ɗaya ya kafa musu: ba a yi wa zanen kowa dariya, ba a kuma tilasta wa kowa ya faɗi ma'anar nasa. Yaran da suka zo ba sa ɗaga kai suka fara musu kan wa zai riga ɗaukar shuɗi. Bayan wani lokaci, ɗan marigayin ya ce masa, "Baba ƙarami, na fara manta kamannin babanmu." Ya ɗauki fensir ya zana masa fuskar yayansa, yana kuka yana zanawa, amma hannunsa bai yi rawa ba har ya gama.

Darasin labarin nan a fili yake. Cewa "a yi haƙuri" wajibi ne, amma ba ta isa ta sauke wa mutum abin da ya gani da idonsa ba. Akwai baƙin cikin da harshe ba ya iya ɗauka, sai hannu ya fara fitar da shi kafin baki ya buɗe. A Zamfara yau akwai marayu da zawarawa da samari masu yawa da ke ɗauke da irin wannan kaya a ƙirji. In ka ga ɗayansu ya duƙufa kan zane, ko saƙa, ko ɗinki, kada ka kira shi mahaukaci ko maras aikin yi. Ba shi takarda da launi, ka zauna kusa da shi, ka yi masa addu'a, in abin ya yi tsanani ka kai shi ga likita. Iyaye da malaman makaranta, wannan aiki namu ne, kuma kowa na da ikon fara shi daga zauren gidansa.