Rabin Awa A Kan Keke: Nawa Ne Rabon Hanya A Rayuwar Mutum?

A ƙasar Holan kekuna sun fi mutane yawa, keke sama da miliyan 23 ga jama'a kusan miliyan 18. Masu tsara sufuri a can suna da wani adadi da ba ya barin bakinsu: kilomita 7.5. Shi ne nisan da suke ɗauka cewa mai lafiya zai yarda ya hau keke kullum zuwa wurin aiki ba sai an roƙe shi ba. Da zarar tafiya ta haura haka, sai jama'a su fara komawa mota da jirgin ƙasa. Galibin masu zuwa aiki a keke ma ba sa kaiwa wannan iyaka. Da keke mai batir ya yaɗu, wanda dokar Tarayyar Turai ta yarda injinsa ya taya mai shi har gudun kilomita 25 a awa, sai aka fara maganar kilomita 15.

Lissafin a fili yake. Wanda ke murza feda a natse, da kayan ofis a jikinsa da jaka a kariya, yana cin kamar kilomita 15 a awa. Kilomita 7.5 ke nan rabin awa ce. Rabin awa zuwa, rabin awa dawowa.

Wanda wurin aikinsa ya fi haka nisa ba ya matsa wa ƙafafunsa. Yakan hau keke zuwa tashar jirgin ƙasa, ya ajiye shi, jirgi ya ƙarasa da shi. Shi ya sa birnin Utrecht ya gina wa kekuna ma'ajiya mai hawa uku a tasharsa, wadda aka kammala a 2019, mai ɗaukar keke 12,500. A Kopenhagen, babban birnin Danmak, kusan shida cikin goma na mazauna da ke aiki ko karatu a cikin gari keke suke hawa. Akwai titunan da aka saita fitilun hanyarsu yadda mai tafiyar kilomita 20 a awa zai yi ta samun koriyar wuta a jere. A wasu mahaɗun an kafa ƙarfe mai ɗan matakin ƙafa, domin mai jiran wuta ya dafa da hannu, ya ɗora ƙafarsa, ba sai ya sauko daga sirdi ba. Har kwandon shara an karkata bakinsa wajen mai keke, ya jefa ɓawon ayaba yana tafe. Idan hukumar birnin ta tambayi mutane dalilinsu na hawa keke, amsar da ta fi yawa ita ce shi ya fi sauri kuma ya fi sauƙi. Masu ambaton kare muhalli tsiraru ne.

Wannan rabin awar ta daɗe tana ɗaukar hankalin masana. A 1994 wani masanin kimiyya ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya ɗora a kan binciken injiniyan sufuri Yacov Zahavi, ya nuna cewa ɗan Adam, a ƙauye yake ko a birni, a da ko a yanzu, kusan awa ɗaya yake ba hanya a yini. Mai tafiyar ƙasa yana cin kilomita 5 a awa, don haka tsofaffin birane masu ganuwa da wuya faɗinsu ya wuce kilomita 5, yadda mutum zai taso daga bakin ƙofa ya isa kasuwa cikin rabin awa. Da jirgin ƙasa da mota suka zo, mutane ba su rage lokacin da suke ɓatawa a hanya ba. Gidajensu suka matsar can nesa, birane suka yi ta buɗewa, awar nan tana nan yadda take.

Ɗalibin da ya karanta Risala a zaure zai ji wannan magana ba baƙuwa ba ce. Mawallafinta, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, ya kawo a babin Juma'a cewa halartarta ta wajaba a kan wanda ke cikin gari da wanda ke nesa da shi da mil uku ko ƙasa da haka. Mil uku su ne farsakhi ɗaya, kilomita 5 da ɗan ɗori, tafiyar awa guda ga mai ƙafa. Wanda ya fi haka nisa an ɗauke masa wajibcin. Yahudawa masu kiyaye Asabar su ma suna da tasu iyakar tafiya, kamu 2,000 daga ƙarshen gari, kusan kilomita ɗaya. Abin lura shi ne, a kan ibadar da ta fi kowace girma a mako, malaman fiƙihu sun zauna sun auna abin da ƙafar mutum za ta iya ɗauka, suka ce daga nan an yafe. Idan Ubangijin da ya halicci bawa bai ɗora masa tafiyar da ta wuce awa ɗaya sau ɗaya a mako ba, da wace hujja mai kamfani ko mai tsara gari zai ɗora masa ninkin haka sau shida a mako, safe da yamma?

Tambayar da ke ƙarƙashin duk waɗannan alƙaluma ita ce ta lokaci. Musulmi ya san za a tambaye shi rayuwarsa, a me ya ƙarar da ita. Wanda ke ɓata awa uku kullum a hanya, kwana biyar a mako, a shekara ya ba kwalta fiye da awa 700, wato kusan wata guda cur, dare da rana. A cikin wannan watan akwai sallar Magariba da ba a samu a jam'i ba, da karatun yara da ba a duba ba, da gaisuwar mara lafiya da aka yi ta ɗagawa har aka ji rasuwarsa.

Ivan Illich, limamin Katolika haifaffen Viyana wanda ya yi shekaru yana aiki a Meziko, ya yi wani lissafi a farkon shekarun 1970 wanda har yau ba a daina ambatonsa ba. Ya haɗa lokacin da Ba'amurke ke yi yana tuƙi, da na cunkoso, da na neman wurin ajiye mota, da awannin da yake aiki don ya biya kuɗin motar da mai da inshora da haraji, ya samu kimanin awa 1,600 a shekara. Tafiyar da motar ke yi da shi a shekarar mil 7,500 ce, kusan kilomita 12,000. Idan aka raba, gudun bai kai kilomita 8 a awa ba. Mai keke ya ninka shi. Ana iya jayayya da alƙaluman Illich, an kuma yi, amma tambayar da ya tayar tana nan daram: awa nawa mutum ke sayarwa na rayuwarsa don ya sayi saurin da zai kai shi wurin da zai ƙara sayar da wasu awannin? Keke ya burge shi ne saboda ya ninka saurin ƙafa sau uku ko huɗu, kuɗinsa bai fi ƙarfin talaka ba, kuma ba ya ture kowa daga hanya.

Sai dai akwai wata fahimta da ta zama ruwan dare, cewa wahalar hanya ita kanta lada ce, don haka mai nisa ya yi haƙuri ya yi shiru. Masu wannan ra'ayi sukan kawo labarin Banu Salima, waɗanda gidajensu ke gefen Madina. Sun yi niyyar tasowa su dawo kusa da masallaci, Manzon Allah (SAW) ya ce su zauna inda suke, ya sanar da su cewa ana rubuta musu sawunsu. Hadisin ingantacce ne, kuma albishir ne ga duk wanda nisa ya zame wa dole. Amma ruwayar Buhari ta ƙara bayyana wani dalili, cewa Annabi bai so gefen Madina ya zama kufai ba. Maslahar gari ce aka duba. Akwai kuma hadisin Anas, na dattijon da aka gani yana jan ƙafa, 'ya'yansa biyu sun tallafe shi, saboda ya yi bakancen zuwa Ka'aba a ƙasa. Annabi ya umarce shi da ya hau abin hawa, ya nuna cewa Allah ba ya bukatar ya azabtar da kansa. Daga irin waɗannan ne Imam Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a 1388, ya fitar da ƙa'ida a Almuwafaƙat: bawa ya nufi aikin da ladansa ke da girma ko da akwai wahala a cikinsa, amma kada ya nufi wahalar don kanta.

Saboda haka kilomita 5 na ma'aikacin banki a Amsterdam da kilomita 15 na lebura a wani gari ba hukuncinsu ɗaya ba. Na farko ya zaɓa, yana da jirgi da bas idan ya ga dama. Na biyu kuɗin haya ne ya kore shi bayan gari, kuɗin mota kuma ya ɗora shi a kan keke. Yana da ladan neman halal da ladan haƙuri, in Allah ya so. Wannan ladan nasa ne shi kaɗai, ba ya wanke wanda ya tsara garin da ya jefa shi cikin wannan hali.

A nan maganar ta iso gida. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Kekunan da aka jingine a zaure shekara da shekaru suka fito, aka kai su wajen mai gyara ya sa sabuwar sarƙa, ya ɗaure birki. Wanda ya tsaya bakin hanyar Sharaɗa ko Bompai a Kano bayan sallar Asuba zai ga ma'aikatan masana'antu da masu gadi suna wucewa, an naɗe ƙafar wando an cusa cikin safa ko an ɗaure da roba don kada sarƙa ta kama, kwanon abinci a ɗaure bayan kariya. Mutum yana tafe a ɗan siririn bakin kwalta, tirela a hagunsa, rami a gabansa, mai A Daidaita Sahu ya sha gabansa ya taka birki don ɗaukar fasinja. Da safe da sauƙi. Dawowar ce abin tausayi, a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wani lokacin ma da azumi a bakinsa. Idan taya ta yi faci a tsakiyar hanya, sai turawa har inda mai faci yake.

Ga kuma raini. A Holan, Mark Rutte yana firaminista yakan je ofis a keke, ba wanda ya ga abin mamaki. A nan magidanci mai digiri zai gwammace ya ci bashin kuɗin mota da a gan shi yana murza feda, don kada a ce ya karye. Wannan girman kai ne da addini bai san da shi ba, kuma shi ne ke sa masu faɗa a ji ba sa kallon mai keke a matsayin mai haƙƙi a kan titi.

Kada a ɗauka Holan haka ta tashi ta ga kanta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ita ma ta rushe unguwanni don faɗaɗa wa motoci hanya. A 1971 haɗarin mota ya kashe mutum kusan 3,300 a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga a ƙarƙashin ƙungiyar Stop de Kindermoord, wato a daina kisan yara. Sai ga takunkumin mai na ƙasashen Larabawa a 1973, har gwamnati ta hana fita da mota ranakun Lahadi na wani lokaci. Daga nan aka fara ware wa keke hanyarsa daban, a hankali, gari bayan gari. Tsadar mai da zubar da jini a kan titi, abubuwa biyu da Najeriya ke fama da su yau, su ne suka juya akalar waccan ƙasa.

Galibin biranen Arewa shimfiɗaɗɗu ne, babu tsaunin da zai hana keke tafiya, kuma jama'arsu sun san keke tun zamanin Rale. Abin da ya rage aikin hukuma ne da na masu ɗaukar ma'aikata. Duk sabon titin da gwamnatin jiha za ta ba da kwangilarsa, a ware wa keke gefensa da shingen da mota ba za ta haura ba, a dasa darbejiya ta yi masa inuwa. Masana'antu da ma'aikatu su tanadi rumfar ajiye keke da wurin watsa ruwa. Idan za a yanka filayen gidajen masu ƙaramin ƙarfi, a fara tambayar minti nawa za su yi kafin su isa wurin aiki. Malamai kuma, da suke yi wa mai keke wa'azin haƙuri, su juya su gaya wa kwamishinan ayyuka da mai kamfani cewa lokacin wannan bawan Allah da lafiyarsa amana ce a wuyansu.