Tsakanin Julie da Véronique

Akwai wata malamar makaranta a Damagaram, abokiyar aikina ta shekara da shekaru, wadda a da ba a kai mata ziyara a daren da ake nuna Julie Lescaut. Duk unguwa an san haka. Da an idar da sallar lisha sai ta tura yara shimfiɗa, ta ɗora shayi, ta zauna gaban talabijin ɗin da maigidanta ya haɗa wa eriyar tauraron ɗan'adam, ba ta tashi sai an kama mai laifi. Har ɗalibanta suka laƙaba mata "Kwamishina", ita kuwa ba ta taɓa nuna ɓacin rai ba. Kwanakin baya muka haɗu a wani bikin suna, hira ta kai mu ga tsofaffin shirye-shirye, sai na tambaye ta ko har yanzu tana kallo. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce: "Malam, Julie kam ina son ta har gobe. Matar da ta fito a matsayinta ce na rasa yadda zan yi da ita."

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a rai, domin tambayar da ke cikinta ta fi ƙarfin talabijin. Idan muka ƙaunaci wani a cikin wasan kwaikwayo, wa muka ƙaunata? Kuma idan mai wasan ya ɓata mana rai a rayuwarsa ta zahiri, wace ce makomar wannan ƙauna?

Ga wanda bai san shirin ba: tashar TF1 ta Faransa ce ta fara nuna shi a farkon 1992, ya ci gaba har 2014, kashi 101, kowane kashi kusan sa'a ɗaya da rabi. Marubuci Alexis Lecaye ne ya ƙirƙiro labarin. Julie kwamishiniyar ƴan sanda ce a wani gari mai suna Les Clairières, wanda babu shi a taswira, an dai ajiye shi a kewayen birnin Paris. Aurenta ya mutu, tana renon ƴaƴanta mata biyu, Sarah da Babou, kuma maza ne akasarin waɗanda ke ƙarƙashinta a wurin aiki. Cikinsu akwai sufeto N'Guma, wanda Mouss Diouf, haifaffen Dakar, ya fito a matsayinsa. Shi ne ya sa masu kallo da yawa a wannan ɓangare na duniya suka ji shirin bai yi musu nisa ba. Wadda ta ɗauki nauyin fitowa a matsayin Julie tun daga kashin farko har na ƙarshe ita ce Véronique Genest, mai jan gashi, haifaffiyar 1956.

Abin da ya ja hankalin abokiyar aikina ba bindiga ba ne, ba kuma tseren motoci ba, waɗanda ma ba su da yawa a shirin. Ta ce abin da take gani shi ne mace mai ba da umarni ba tare da ta ɗaga murya ba, wadda za ta bar ɗakin tambayoyi ta koma gida ta tarar da yarinya ba ta yi aikin makaranta ba. A lokacin ita ma tana fama da aji mai cike da yara da rana, da tukunya da dare, ga abokan aiki maza masu ganin maganarta ba ta kai tasu nauyi ba. A ce mata Julie ƙage ce, ba ta taɓa rayuwa ba, wannan bai canja kome ba. Ƙarfin zuciyar da ta samu daga kallon na gaske ne, kuma da shi ta shiga aji washegari.

Sai shekarar 2012 ta zo. Véronique Genest ta yi rubuce-rubuce a Twitter kan Musulunci, aka yi ca a kanta, ta fito a wani shirin talabijin ta ce idan tsoron wannan addini ne ake nufi da kalmar da ake jifarta da ita, to ta yarda ta ɗauki sunan. Labarin ya bazu a jaridun Faransa, ya kuma iso har Damagaram. Malamar ta ce ta ji kamar wadda ta daɗe tana shimfiɗa wa baƙuwa tabarma, sai ta samu labarin baƙuwar na gaya wa mutane cewa tsoron gidan take ji.

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin malamai ita ce a raba biyun. Ɗan wasa ma'aikaci ne, kamar maɗinki: mutum yana sa rigar da ta yi masa kyau ba tare da ya binciki halin wanda ya ɗinka ta ba. Waɗanda suka karanta Diderot a lise za su tuna da hujjarsa a kan ɗan wasa, wadda ya rubuta a ƙarni na 18 amma ba a buga ba sai 1830, cewa gwanin wasa na gaske ba ya jin abin da yake nunawa, lissafi da natsuwa ne ke sa ya iya sa mu kuka alhali zuciyarsa na nan lafiya lau. Idan haka ne, adalcin Julie bai taɓa zama na Véronique ba tun farko. Marubuta ne suka sa mata kalmomi a baki, mai ba da umarni ya gaya mata inda za ta tsaya, don haka ba ta ci amanar kowa ba, tunda ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Wannan amsa tana da ƙarfi, amma ban gamsu da ita gaba ɗaya ba. Riga ba ta da fuskar maɗinki. Julie kuwa ba ta da wata fuska ko wata murya sai ta Véronique. Yadda take kallon mai ƙarya, yadda take sassauta murya ga yaron da ya firgita, duk daga jikin mace guda suka fito, tsawon shekara 22. Wanda ya ce wa mai kallo ta raba su kamar yadda ake raba tsaki da gari bai taɓa ƙaunar wani shiri ba. Mu ma nan gida mun san haka: sau nawa muka ji ana zagin ɗan wasan Hausa da ya saba fitowa a matsayin mugu, ko ana yi wa mai fitowa a matsayin malami kallon waliyyi? Muna yi wa masu wannan dariya, alhali bambancinmu da su bai kai yadda muke zato ba.

Amsa ta biyu ita ce a zubar da duka. An taɓa yin haka. Shirin Derrick na ƙasar Jamus, wanda tashar ZDF ta nuna daga 1974 zuwa 1998, kashi 281, ya zagaya duniya, dattijon sufeto mai manyan tabarau ya zama abin koyi wajen haƙuri da sauraro. Horst Tappert, wanda ya fito a matsayinsa, ya rasu a 2008. A 2013 aka gano cewa a ƙuruciyarsa ya yi aiki a rundunar Waffen-SS ta zamanin Hitler, abin da ya ɓoye duk rayuwarsa, sai ZDF ta daina maimaita shirin. Ba na kwatanta nauyin al'amuran biyu, domin magana a talabijin daban, shiga irin wannan runduna daban. Na kawo shi ne don a ga cewa mutane kan kai inda ba za su iya kallon fuskar ba kuma, kuma ba na ganin laifin wanda ya kai nan. Sai dai a lura da wanda ke yin asara. Idan malamar Damagaram ta goge Julie daga zuciyarta, Véronique ba za ta ko sani ba. Ita malamar ce za ta rasa wani yanki na shekarunta, da wata madogara da ta taimake ta a lokacin da take buƙata.

A ganina mafita tana cikin shirin kansa. Duk wanda ya daɗe yana kallon wasan ƴan sanda ya san darasinsa guda ne, ana ta maimaita shi mako bayan mako: wanda kowa ya fara nuna wa yatsa, baƙo ko talaka ko mai tsohon laifi, sau da yawa ba shi ba ne. Aikin mai bincike shi ne ya ƙi bin tsoron jama'a, ya nemi shaida, ya ɗora laifi a kan mutum guda saboda abin da ya aikata, ba a kan dangi ko unguwa ba. Wannan ne ya sa aka so Julie. Kuma da wannan ma'auni ne maganar 2012 ta faɗi, domin ta tattara miliyoyin mutane, har da malamar da ke zuba shayi a gaban talabijin, ta sa su a ƙarƙashin tsoro guda. Mai kallon da ranta ya ɓaci ba ta juya wa shirin baya ba ke nan. Da darasinsa ta auna ƴar wasan.

Amma ma'auni ba ya aiki ta gefe ɗaya. Idan Julie ta hana a hukunta jama'a saboda tsoro, ta kuma hana a rufe fayil kafin a karanta shi duka. Véronique Genest ta faɗi abin da ta faɗa, kuma ba na neman a wanke ta. Ita ce kuma ta yi shekara 22 tana aikin da ya sa mata da yawa suka ga cewa mace na iya riƙe ofishi da gida. Abubuwan nan biyu duk suna cikin fayil ɗin. Bashin da mai kallo ke ɗauke da shi gare ta na godiya ne a kan gwaninta, kuma godiya ba ta wajabta bin ra'ayi. Kuskuren da muke yawan yi da taurari shi ne mu ɗauka wanda ya iya nuna hikima zai iya ba da ita. Daga nan sai mu miƙa masa kunnenmu kan siyasa da addini, abubuwan da bai fi mai sayar da goro na bakin kasuwa sani ba.

Na gaya wa malamar wani abu mai kama da wannan a wajen bikin, ta saurara, ba ta ce ta yarda ba. Ta dai ce takan nemi tsofaffin kashin a intanet idan dare ya yi tsawo, musamman waɗanda N'Guma ke ciki, kuma tun rasuwar Mouss Diouf a 2012 kallonsu na zuwa mata da wani irin nauyi. Idan kuwa ta ci karo da hira da Véronique Genest, wucewa take yi. Daga nan aka kawo abinci, wata tsohuwar ɗalibarta ta hango ta daga can cikin mata, ta ɗaga murya ta ce: "Kwamishina, ina wuni!" Ita kuwa ta amsa.