Niyya da adda a gonakin Matameye

Wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Matameye da rani zai tarar da gonaki sun bushe ƙamas, amma gawo ya yi kore shar a tsakiyarsu, awaki suna tsintar 'ya'yansa. Ba gwamnati ce ta dasa itatuwan nan ba. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman Matameye da Magarya da Mirya suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa da kansa. Masu bincike sun kiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 aka farfaɗo da su ta haka a Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

To, me ya tsayar da gawon, niyya ko aiki?

Hadisin farko cikin Arba'una na Imam Nawawi ya rataya ayyuka ga niyya, mutane da yawa kuwa sun mayar da shi mafaka: "Na yi niyya, Allah bai nufa ba." Gaskiya ne malamai sun ce wanda ya ƙudurta alheri, uzuri ya tare shi, yana da lada. Sai dai kasala ba uzuri ba ce.

Manomin gawo ba sau ɗaya yake niyya ba. Kowace shekara lokacin sharar gona zai tsaya kan toho da adda a hannu, ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ya sassabe sauran. Uwargida tana neman itacen girki, makiyayi yana hangen ganye, yaron da ke riƙe da hauya kuma sai an ja masa kunne. Shekaru ake yi kafin itacen ya fi ƙarfin bakin akuya. Sannan ne zai fara biya: ya kaɗe ganyensa da damina, ya ba ƙasa taki, ya bar wa gero rana.

Ruwan sama dai ba a hannun manomi yake ba, nan ne gurbin tawakkali. Amma a ruwayar Tirmizi, sai da aka umarci wani mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna, sannan ya yi tawakkali.

Akwai kuma niyyar da doka ke karyawa. A da, itacen gona na hukuma ne, manomi na iya shan tara idan ya sare shi, don haka ba ya wahalar renonsa. A 2020 ne gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya rena a gonarsa.