Abin Da Aka Rubuta A Katin Ummi

'Yan'uwana mata, akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar da na raka ƙanwata asibiti daga ƙauyensu na wajen Malumfashi. Ummi shekararta huɗu, amma in kin gan ta sai ki rantse 'yar shekara biyu ce. Ma'aikaciyar ta tsayar da ita jikin katakon awo, ta duba jadawalin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, sai ta rubuta E45 a katin.

Na ce, "Malama, mene ne wannan?" Ta ce kowace larura da lambarta a kundin cututtuka na duniya. Wada, irin wanda aka haifa da gajerun gaɓoɓi, Q77.4 ne. Ita kuwa E45 tsumburewa ce ta rashin abinci mai gina jiki.

Nan ƙanwata ta fashe da kuka. "Don girman Allah ki rubuta gado ne, ai kakarta ma gajera ce. In maigida ya ji wannan, cewa zai yi sakacina ne."

Wallahi ni ma a lokacin na so ta rufa mata asiri. Me ƙaryar lamba ɗaya za ta ɓata?

Sai na dubi jaririn da ke goye a bayanta. In an rubuta gado, shi ke nan, kowa ya ce halittar Allah ce, a ci gaba da ɗura masa koko tsura. Alhali yawancin ɓarnar a kwana 1000 na farko take aukuwa, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 57 cikin 100 a Arewa maso Yamma a tsumbure suke. Mu da muke ciyar da wasu da masara!

Amma fa katin ma bai faɗi gaskiya duka ba. Babu gurbin rubuta wanda ya kwashi waken suya kaf ya kai kasuwar Funtua, ko mai cewa ƙwai na sa yaro sata. Uwa kaɗai ake tsarewa da ido, don ita ce ta zo.

Malamar ba ta goge lambar ba. A ƙasa dai ta ƙara layi ɗaya: a dawo tare da uban yarinya. Ni na karɓi katin, na ce da ƙanwata ta bar ni da shi, tunda yana jin nauyina.